Nazarin lamari: yadda bait 24 suka sa aka tsayar da injin shinkafa a Birnin Kebbi

Asalin lamarin

Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, injinan gyaran shinkafa suka yawaita a jihar, manya da matsakaita. Shanshera na shigowa daga fadamun Argungu da Suru da Jega da Yawuri, kuma idan inji ya tsaya kwana biyu a tsakiyar kaka, mai shi zai daɗe yana lissafin asara. Baya ga matsalar wuta, abin da ya fi tsayar da irin waɗannan injina shi ne lalacewar boris. Ƙurar ɓuntu da dusa na shiga ko'ina, boris ya fara cin kansa a hankali, ba a ankara sai ranar da ya kama.

Wanda wannan nazari ya shafa matashi ne injiniyan lantarki, yana da shagon gyaran inbata da haɗa sola a cikin gari, da yaro ɗaya mai koyon aiki. Wani Alhaji mai matsakaicin inji a bayan gari ya nemi ya haɗa masa abin da zai riƙa sauraren girgizar injin goge shinkafa, ya yi gargaɗi tun boris bai mutu ba.

Ƙarshen 2023: yadda aka haɗa na'urar

An manna sensa mai auna girgiza a jikin gidan boris. Wani ƙaramin allo yana karanta ta, yana tara awon ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da lambar jerinsa a gaba. Idan ƙunshi ya cika, sai allon ya ɗaga sigina a waya ɗaya don sanar da babbar kwamfutar, wato Raspberry Pi 3 B+ na hannu mai memorin gigabait 1, mai ɗauke da Linux na bit 64. Ita kuma sai ta janyo ƙunshin ta hanyar SPI, wato wayoyin da allon da kwamfutar ke musayar bayanai ta cikinsu.

Injiniyan ya rubuta direban kanel da kansa, wato manhajar da ke zaune cikin kanel, zuciyar Linux, tana magana da allon. Aikin direban uku ne: ya ƙirga siginar "akwai kaya" duk lokacin da ta zo, ya karɓi ƙunshi cikin mazubin karɓa, sannan ya kwafe shi zuwa wani zoben ɗakuna 16 da ake cikawa bi da bi, wanda manhajar sama ke leƙawa kai tsaye ta mmap, kiran da ke buɗe wa manhaja wani yankin memori. Kowane ɗaki bait 4096 ne; bait shi ne ma'aunin girman bayanai a kwamfuta, kowanne bit takwas. Manhajar ke lissafin girgiza, ta aika sakamako ta modem zuwa wayar Alhaji.

A kan teburin shago an gwada da ƙunshi mai bait 64, komai lafiya. Da aka kai wurin inji sai aka ga ana buƙatar awo mai yawa a daƙiƙa, aka faɗaɗa ƙunshin zuwa bait 256. Babu wanda ya ɗauki wannan canji a bakin komai.

Janairu zuwa Fabrairun 2024: gargaɗin ƙarya

Na'urar ta fara aika saƙon cewa girgiza ta yi tsalle. Ba kullum ba; wani lokaci a wuni cur babu komai, wani lokaci sau da yawa a jere. A karo na farko da saƙonnin suka yi yawa, Alhaji ya sa aka tsayar da inji, makaniki ya kwance, aka sa sabon boris. Da aka wanke tsohon da fetur aka juya shi a hannu, sumul yake. Bayan kwana kaɗan sabon ma na'urar ta ce yana mutuwa.

Zato na farko ya tafi kan wuta, kuma ba laifi, domin a irin wannan wuri ana sauyawa tsakanin wutar gari da janareto, ga babban inji na jan wuta kusa da siraran wayoyi. An sa wa na'urar batirinta daban. An gajarta wayoyin SPI, an sauya su da masu rufin ƙarfe, an rage saurin agogon SPI zuwa rabi. Gargaɗin ƙarya bai daina ba.

Yaron shagon ne ya lura da wani abu: kuskuren ya fi yawa a daidai lokacin da modem ke fama da aika bayanai, musamman da yamma idan sabis ya yi rauni. Wannan ya ƙara ƙarfafa zaton hayaniyar lantarki, aka ce rediyon modem ne ke shiga wayoyi. Aka ja eriya da doguwar waya zuwa saman rufi. Sabis ya ɗan gyaru, kuskure ya ɗan ragu, kowa ya ɗauka an kama ɓarawo. Mako bai zagayo ba ya dawo.

Maris 2024: an koma cikin direba

Injiniyan ya ƙara lambar tantancewa ta CRC a ƙarshen kowane ƙunshi, ta yadda manhaja za ta zubar da duk wanda ya gurɓata. Wannan ya kashe gargaɗin ƙarya, amma ya bar ramuka a cikin awo, kuma bai faɗi dalili ba. Amfaninsa na gaske shi ne an fara ajiye gurɓatattun ƙunsoshin a fayil ana duba su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka gani bai yi kama da hayaniyar waya ba. Hayaniya kan juya bit ɗaya ko biyu a duk inda ta ga dama. Nan kuwa ɓarnar kullum a goshin ƙunshi take, ba ta taɓa wuce bait 24 na farko ba, kuma abin da ke wurin ba shara ba ne: goshin ƙunshin da ya gabata ne, har da tsohuwar lambar jerinsa. Wato kan jiya ne a jikin yau. Inda tsohon awo ya haɗu da sabo, nan lissafi ke ganin tsalle.

Injiniyan ya aro na'urar leƙen sigina ya maƙala a wayoyin SPI, ya jira har kuskure ya faru. A kan waya ƙunshin daidai yake tun daga bait na farko har na ƙarshe. A cikin memorin kwamfuta kuma ga shi a gurɓace. Daga nan aka wanke wuta da modem da ƙura.

Sai aka shiga gwaje-gwaje uku da ba su kai ko'ina ba. Ya sa wa ma'ƙirgin sigina alamar volatile, mai nuna cewa lambar na iya sauyawa a kowane lokaci, babu canji. Ya kewaye ma'ƙirgin da mazubin da makulli na spinlock, a zaton sassa biyu na direba ne ke rububin wuri ɗaya, babu canji. Sannan ya bi shawarar wani abokinsa cewa matsalar daidaita adireshi ce, ya ɗauka ana nufin lambobi masu bait 4 da ba su faɗa kan adireshin da 4 ke rabawa ba. Ya gyara goshin ƙunshi ya zama bait 8 cif, ya sauya wasu karatu zuwa get_unaligned_le32. Gyaran bai cutar ba, amma furosesar ARM mai bit 64 ba ta damu da irin wannan karatu a memori na yau da kullum ba, don haka babu abin da ya sauya. Abokin ya faɗi sunan cutar daidai, ma'aunin ne ba 4 ba.

Afrilun 2024: layin bait 64

Abin da ya buɗe ƙofa tambaya ce mai sauƙi: me ya sa ƙunshin bait 64 bai taɓa gurɓata a shago ba? Ya buɗe lambar direban SPI na wannan allo, spi-bcm2835, ya tarar da iyaka a rubuce: idan abin da za a ɗauko bai kai bait 96 ba, furosesa ce ke ɗebo shi da kanta. Daga 96 zuwa sama sai a miƙa wa injin DMA, wanda ke zuba bayanai kai tsaye cikin memori ba tare da ya bi ta furosesa ba. Ranar da aka faɗaɗa ƙunshi zuwa 256, ranar aka shigo da ma'aikaci na biyu cikin memori ba tare da kowa ya sani ba. Shi ya sa makulli bai yi aiki ba: injin DMA ba ya neman izinin makulli.

Furosesa ba ta aiki da babban memori kai tsaye. Tana da ƙaramar ma'ajiya mai sauri a jikinta, kash, kuma ba ta ɗaukar bait ɗaya-ɗaya zuwa cikinta. Kamar mai awo ce da ba ta sayar da ƙwaya sai mudu: ko bait ɗaya take so, sai ta ɗauko layi guda, idan ta tashi mayarwa ma layin gaba ɗaya take mayarwa. A furosesar Cortex-A53 da ke cikin wannan allo, layin bait 64 ne. Injin DMA na allon kuma bai san abin da ke cikin kash ba, kanel ne ke share layukan mazubi kafin ɗauko kaya da bayansa domin ɓangarorin biyu su ga abu ɗaya.

Ya buga adireshin mazubin karɓa ya raba da 64, saura 40. Dalili kuwa a fili yake: ya ajiye mazubin a cikin babban tsarin bayanan direba, bayan wasu filaye da suka ci bait 40, kuma ma'ƙirgin sigina na cikinsu. Saboda haka layin farko na kash ya ƙunshi bait 40 na kayan direba da bait 24 na goshin mazubi. 64 a cire 40, ga 24 ɗin da ake ta gani.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. An fara ɗauko ƙunshi ta DMA. Ana cikin haka sai wata siginar "akwai kaya" ta shigo, furosesa ta ƙara ɗaya a ma'ƙirgi. Don yin haka tana riƙe da layin nan gaba ɗaya a kash, har da tsohon goshin mazubi. DMA ya zuba sabon goshi a memori. Daga baya layin da furosesa ta taɓa ya koma memori, ya danne sabon goshin da tsohon. Kanel ba zai iya jefar da layin kawai ba, domin akwai ma'ƙirgi a ciki da ba a so ya ɓata.

Modem ma ashe yana da hannu, amma ba ta rediyo ba. Idan sabis ya yi rauni kwamfutar kan shagala, ƙunsoshi su taru a ƙaramin allo, sigina ta riƙa zuwa a kan sigina, har wata ta faɗo a tsakiyar ɗauko kaya. Lurar yaron daidai ce, fassarar da aka yi mata ce ta kauce.

Gyaran bai kai layi goma ba. An fitar da mazubin daga cikin tsarin, aka ware masa wurinsa na bait 256 da kmalloc, kiran neman memori a kanel. Tun daga Linux 5.4 an tabbatar cewa idan girman da aka nema lamba ce da ake samu ta ninka biyu a kai a kai, irin 128 ko 256 ko 512, adireshin da za a samu zai faɗa kan iyakar wannan girman. Wata hanyar da ake bi ita ce a bar mazubin a ƙarshen tsarin a sa masa alamar daidaitawa da ARCH_DMA_MINALIGN, wanda a ARM mai bit 64 yake 128, saboda akwai kwamfutocin da layinsu ya fi 64. Bayan gyaran an bar na'urar tana aiki duk tsawon girbin shinkafar rani, CRC bai sake kama goshin jiya ba. Injiniyan ya kuma kunna CONFIG_DMA_API_DEBUG, zaɓin kanel mai sa ido kan kurakuran amfani da DMA, a allon gwaji na shago, duk da cewa ba kowane irin wannan kuskure yake kamawa ba.

Oktoban 2024: sabon allo, zane a kwance

Wani ɗan'uwan Alhaji mai inji a hanyar Jega ya ce shi ma yana so. Wannan karon aka sayo Raspberry Pi 5, wanda ya fito kasuwa a Oktoban 2023. An sake gina direban a kansa ba tare da ƙorafi ko ɗaya ba, amma manhajar sama na tashi sai ta faɗi a kiran mmap da kuskuren EINVAL, mai nufin wata lamba da aka miƙa ba ta karɓu ba.

Kanel ba ya raba memori bait-bait, shafi-shafi yake rabawa, kuma duk abin da za a nuna wa manhaja ta mmap dole ya fara a kan iyakar shafi. Shekaru da yawa kusan duk kwamfutar da mutum zai taɓa shafinta bait 4096 ne, har lambar ta zauna a kan masu rubuta manhaja kamar doka. Amma ARM mai bit 64 na iya aiki da shafin 4096 ko 16384 ko 65536, kuma kanel ɗin da Raspberry Pi OS ke tayar da Pi 5 da shi na shafin 16384 ne. Manhajar na neman zoben ɗakuna daga tazarar 4096, wadda ba iyakar shafi ba ce a nan, sai kanel ya ƙi tun kafin maganar ta kai ga direba.

Umarnin getconf PAGESIZE ya nuna 16384. Yaron ya sauya tazarar ta riƙa fitowa daga sysconf, kiran da ke tambayar tsarin aiki girman shafi, manhaja ta tashi, lambobi suka fara gudu a allo, aka ɗauki na'ura aka kai inji. Wuri ɗaya kawai aka gyara.

Washegari mai injin ya kira: "Injiniya, abin naka cewa yake inji a kashe yake, ga shi kuwa ina tsaye gabansa yana aiki." Zanen girgiza a kwance yake a kan sifili, sai can ya ɗan motsa ya sake kwanciya. An fara duba ko sensa ta ɓalle ko ɓera ya ci waya. Duk lafiya.

Wannan karon binciken bai ɗauki dogon lokaci ba, domin kuskuren yana da tsari. Direban na ware shafi guda ga kowane ɗaki, ya jera su ga manhaja yana tsallen PAGE_SIZE, wato girman shafi, wanda daidai ne. Manhajar kuwa na neman ɗaki na kaza ta hanyar ninka lambarsa da 4096. A tsohon allo lissafin biyu abu ɗaya ne. A sabon, direba ya ajiye ɗaki na 1 a tazarar 16384, manhaja na nemansa a 4096, inda babu komai sai ragowar shafin farko da aka cika da sifili. Ƙari a kan haka, manhajar ta nemi bait 65536 ne kawai, wanda a nan shafi 4 ne, don haka ɗakuna 12 na direba ba ta ma ganinsu. A cikin karatu 16, ɗaya ne daidai, wato ɗaki na 0. Uku, na 4 da na 8 da na 12, suna kawo awon gaske amma na wani lokaci dabam. Sauran 12 sifili ne. CRC bai yi ƙara ba saboda manhajar na tsallake ƙunshin da babu komai cikinsa a matsayin shiru. Memorin da zoben ya ci kuma ya tashi daga bait 65536 zuwa 262144, kashi uku cikin huɗu a banza.

Nuwamban 2024: maganin wucin gadi da gyaran gaske

Kaka ta kama, ba a son wasa da inji. An ƙara layi ɗaya, kernel=kernel8.img, a fayil ɗin config.txt, wanda ke sa Pi 5 ya tashi da kanel mai shafin 4096. Nan take zane ya dawo daidai. Yaron na ganin a bar shi haka tunda yana aiki. Injiniyan ya bar shi haka har aka rage aiki, amma bai yarda a tsaya nan ba, domin duk ranar da wani ya sake zuba tsarin aiki a sabon katin memori ya manta da layin, na'urar za ta koma ba da sifili ba tare da ta yi kuka ba.

A gyaran gaske an raba girman ɗaki da girman shafi. Zoben ya zama yanki guda da aka ware da vmalloc_user, aka nuna shi ga manhaja da remap_vmalloc_range, girmansa kuma aka cike shi zuwa iyakar shafi da PAGE_ALIGN. Ɗakuna na bin juna a ciki ba tare da la'akari da inda shafi ya ƙare ba. Direba ne yanzu ke rubuta girman ɗaki da yawan ɗakuna da inda zobe ya fara a shafin sarrafawa, manhaja ta karanta daga can, kuma idan lambobin ba su yi ma'ana ba ta ƙi tashi. Ƙunshin sifili zalla ya daina zama shiru, ya zama kuskure.

An yi tunanin a sa DMA ya riƙa zubawa kai tsaye cikin zoben don a huta da kwafi, aka fasa. Memorin vmalloc a jere yake a idon furosesa kawai, shafukansa na zahiri a warwatse suke, ga kuma manhaja na karatu a gefen inda DMA zai rubuta, wanda zai iya dawo da rigimar layin kash ta wata ƙofa. Kwafin bait 256 bai kai abin da za a ɗauki wannan kasada saboda shi ba. An gwada sabon direban a tsohon allo, da Pi 5 a kan kanel ɗin 4096, da Pi 5 a kan na 16384, sannan aka cire layin wucin gadin.

Abin da nazarin ya nuna

Kurakuran biyu ba su da alaƙa ta fuskar lamba, amma tushensu ɗaya: direban ya dogara da ma'aunin da kwamfuta ke yankewa, bai tambayi kwamfutar ba. Na farko bai ma san akwai ma'aunin ba, na biyu ya san shi amma ya rubuta shi da hannu a gefe ɗaya na yarjejeniyar da ke tsakanin direba da manhaja.

Zargin wuta da aka fara yi ba wauta ba ne a wurin da janareto da babban inji ke gefe. Abin da za a iya kushewa shi ne jinkirin duba gurɓataccen ƙunshi da ido. An kwashe kusan wata biyu ana sauya wayoyi kafin a buɗe fayil ɗaya, alhali siffar ɓarnar, goshi kawai kuma tsohon kaya, ta isa ta kawar da zaton hayaniya tun makon farko, da boris mai lafiya bai tafi a banza ba. A karo na biyu kuma, kuskuren EINVAL gargaɗi ne cewa akwai 4096 a ɓoye cikin lambar. Binciken wannan lamba da lambar 12 (biyu da aka ninka da kanta sau 12 ita ce 4096) a duk fayilolin aikin, kafin a ɗauki na'ura zuwa hanyar Jega, da ya nuno ɗaya wurin.

Gwajin shago ma bai yi kama da wurin aiki ba a abubuwa biyu da suka fi muhimmanci: girman ƙunshi da cunkoson sigina. Yanzu allon gwajin na aiki da ƙunshin 256, ana kuma shaƙe shi da aikin katin memori da na intanet da gangan.

Na'urorin biyu na nan suna aiki. Abin da ya rage a buɗe shi ne shafin 65536: lissafin sabon direban ya kamata ya ɗauke shi, amma babu allo mai irin wannan kanel a shagon, don haka an rubuta a saman fayil ɗin cewa ba a gwada ba.